Ƙafar Dama

A ƙarshen layin masu gyaran mota, bayan mai walda, akwai wani gareji mai duhu da ba ya cin fiye da mota ɗaya. Nan Mai Birki ya tsufa. Ba ya taɓa inji. In ka kawo masa motar da ta ƙi tashi sai ya ce ka yi gaba, shi sai wadda ta ƙi tsayawa. Mutum ne marar magana, irin mazan da za ka shekara da su ba ka san ko suna da haƙora ba. Allah da ikonsa sai ya haɗa shi da mace mai bakin mutum uku.

Aikinsa na tsabta ne, ko da yake hannunsa bai taɓa ba da shaida ba. Ya ɗaga mota a jak, ya cire taya, ya wanke ƙurar birki da ruwan sabulu, don matar ta hana shi hurawa da baki tun ranar da ya yi baƙin kaki. Ya kankare tsatsa da buroshin ƙarfe, ya bi da samfefa, ya ɗan shafa giris inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Duk wannan shi kaɗai yake yi. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya: fitar da iska.

In iska ta shiga man birki, ka taka sai ka ji kamar soso ka taka. Maganinta mutum biyu. Ɗaya a kujerar direba, ya yi ta taka birki sannan ya danne. Ɗaya a ƙasa, ya kwance wani ɗan noti, mai ya fito da kumfa. Na sama ba ya motsa ƙafa sai na ƙasa ya ɗaure notin ya ba shi izini, in ba haka ba iskar ta koma, a dawo farko.

An gwada masa ƙafafu iri-iri, duk masu gaggawa. Ran nan matarsa ta kawo abincin rana, ta tarar yana faɗa da wani direba, ta dire kwano ta ce a matsa mata. Shekara talatin da huɗu ta yi a kujerar nan. Ba ta taɓa tuƙa mota ko taku ɗaya ba, amma babu irin sitiyarin da ba ta zauna gabansa ba. 'Yan layi suka sa mata Ƙafar Dama, sunan ya bi ta har gida.

Kalmomin aikin uku ne a ko'ina: taka, riƙe, saki. Tun ranar farko ta soke ta ukun.

"Taka," in ji shi daga ƙasa.

"Na taka."

"Riƙe."

"Na riƙe."

"Saki."

Ta leƙo ta taga. "Me ka ce, Malam? A gaban mutane, kana kwance ƙarƙashin motar wani? In ka ƙara furta min kalmar nan sai ka rubuta ta a takarda."

"Birkin nake nufi."

"Ni ban san birki ba. Nemi wata."

Sai ya koma cewa "ɗaga ƙafa". Ita kuma ta amsa, "Na ɗaga maka, amma ba don halinka ba." Kullum sai mai walda ya yi dariya, don shi a gidansa ba a ɗaga masa.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, motar wani mai sayar da kaji. Ya ce riƙe, ta ce ta riƙe. Ya kwance, mai ya fito, ya ɗaure. Sai idonsa ya faɗa kan wata tsatsa a bayan birkin. Kun san namiji in ya ga abin kankarewa. Ya jawo buroshi, ya manta akwai mutum a sama. Da can in ya yi haka takan daka masa tsawa: "Tsoho, ƙafar nan ba ta haya ba ce!" Ran nan shiru. Shirun ne ma ya fito da shi.

Abin da ya fara gani bangon baya ne, ya yi jajur da fitilun birki. Tana zaune, goshinta a kan sitiyari, ƙafarta a danne, rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce, ko a gado take haka za ta kasance. Mai Birki ya gyaɗa kai ya yi godiya. Amma shi ya san matarsa: ba ta ɗagawa sai an ce ta ɗaga, shi kuwa bai ce ba.

Tun daga nan bangon ya ƙi komawa fari. Sau biyu yana shafa masa fenti. Kowa ya shigo fari yake gani, shi kuwa da hantsi ya yi sai jan ya taso, ko babu mota a ciki. Ya daina fitar da iska. Ya wanke, ya goge, ya ɗaura, ya ce a kai gaba a ƙarasa. To wa zai kawo mota inda ake rabin aiki? Shekara biyu yana zaune, yana kankare tsoffin ƙarafan da ba su da mota, ya juya wa bango baya.

Sai Auta ta zo, 'yarsu ta ƙarshe, uwar yara uku, mai tuƙa ƙaramar bas ɗin da ke kai yara makaranta. Ba ta gaji komai wurin uwarta ba sai baki. Ta cusa bas ɗin cikin gareji ta kashe.

"Baba, birkina ya zama soso."

"Ki kai wa na bakin titi."

"Wanda ke ɗaure noti da fatan alheri? Yara goma sha huɗu nake ɗauka, uku jikokinka ne. Ko ka yi, ko in tafi da shi haka."

Ya cire tayoyi. Ya wanke abin da ke buƙatar wanki, ya wanke wanda ba ya buƙata. Da ya rasa abin wankewa sai ya kwanta ƙarƙashin motar, ya sa sufana a kan notin.

"Taka."

"Na taka."

"Riƙe."

"Na riƙe."

Muryar ta ratsa shi har tafin ƙafa. Bai taɓa lura ba, ashe muryar ma ta gada. Ya kwance, kumfa ta fito, ya ɗaure. Daga inda yake yana hango gindin bangon, jajur. Ya tsaya kallonsa, ya manta da Auta a sama.

"Baba!" Auta ta buga ƙofa da tafin hannu. "Ƙafar nan ba ta haya ba ce!"

"Ɗaga ƙafa," ya ce da sauri.

"Na ɗaga."

Ya ji birkin ya dawo sama. Bangon bai canza ba. Auta ta ɗaga, amma akwai wadda ba ta ɗaga ba. Ya daɗe yana kallo. Sai ya tuna duk ranar duniya in ya ce ɗaga ƙafa, abin da ke biyowa baya shi ne taka. Hutu ne kawai na ɗan lokaci, ita kuwa ba hutun ɗan lokaci take jira ba.

Ya matsa kusa da bangon, ya rage murya yadda Auta ba za ta ji ba.

"Saki," ya ce. "Saki, baiwar Allah. Na ɗaure."

Jan ya janye a hankali, ya bar farin fenti da zanen ƙura.

"Da wa kake magana, Baba? Saura taya uku fa."

Ya goge fuska da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu, ya sake duban bangon.

"Birkin nake nufi," ya ce.