Baturen da Ya Kaɗa Taken Mamaci

A gidanmu na Ƙofar Galadima, lokacin da nake ɗan firamare, tsakanin magariba da lisha na Iya Tasallah ne, wadda ta haifi babanmu. Da an sauke tuwo sai ta ja tabarma kusa da murhu tun garwashi bai mutu ba, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, mu kewaye ta. Mu tatsuniyar kura muke so, ko ta aljanu. Amma sau da yawa sai ta ce, "Yau da Baturen nan na tashi a raina." Sai mu dubi juna, don mun san kiran salla kaɗai zai cece mu.

"Iya, ai mun ji wannan," nakan ce.

"Kai maigidana, da ka ji, haushin ya fita daga raina ne? Zauna."

Baturen makaɗi ne, mutumin Ingila. Iya ba ta taɓa iya faɗin sunansa ba, Mai Sanduna take ce masa, don da sanduna biyu yake kiɗa. Tarihinsa kuwa daga bakin wani malamin makaranta na Wusasa ta ji shi, wanda ke yi masa tafinta. Wai ɗan mai gyaran jirgin ruwa ne, tun yana ƙarami yake dukan gwangwanaye har uwarsa ta gaji. Ya yi wa sojoji kiɗa a lokacin yaƙi. Da ya dawo sai ya tara masu busa, ya zama shugabansu, suna irin kiɗan nan da ake kira jaz a gidajen rawa na Landan. Shi yana zaune a baya, ganguna biyar a gabansa da faya-fayan tagulla, hannu na aiki, ƙafa na aiki.

"Mutum ɗaya, ganga biyar," in ji Iya. "Wannan ai haɗama ce."

Kafin a sami 'yancin kai ya zo Zariya neman kiɗan da bai sani ba, aka kawo shi wurin kakanmu, mijin Iya, wanda ya gaji yi wa mahauta kiɗan kalangu. Wata biyu yana zuwa zaure. Yana cire takalmi, yana shan furar Iya, yana rubuta duk abin da ya ji da wasu ɗige-ɗige a kan layi. Kakanmu ya sa tafinta ya gaya masa cewa a nan kowane kiɗa da mai shi, take ne, sunan mutum ne a bakin ganga. Bature ya gyaɗa kai. To amma a irin kiɗansu, abin da ya yi maka daɗi shi kake ɗauka ka gauraya da wani.

A shekarar nan Sarkin Pawa ya rasu, ubangidan kakanmu kuma amininsa, aka naɗa wani daga gidan da ba sa ga maciji da juna. Taken mamaci ba a sake kaɗa shi a taro. Sai dai kakanmu, in kewa ta dame shi, yakan taɓa shi a hankali cikin zaure. Bature ya ji, ya rubuta, bai tambaya ba.

Ranar da mahauta suka taru don taya sabon sarkinsu murna, kakanmu ya miƙa wa baƙonsa kalangu don girmamawa. Da farko an yi ta dariya ana tafi. Can sai ya zaɓo kiɗan da ya fi yi masa daɗi, ya sake shi da ƙarfi. Ashe taken marigayi Sarkin Pawa ne. 'Ya'yan mamaci suka fashe da kuka a tsakiyar taro.

A nan Iya takan buga cinya. "Shi kuwa sakaran yana ta murmushi! Wai ya ga kiɗansa ya taɓa mutane!"

Sabon Sarkin Pawa ya miƙe ya ce baƙo bai san komai ba, wanda ya koya masa shi ya aiko shi. Sau uku kakanmu yana zuwa ban haƙuri da dattawa, sau uku ana mayar da shi. Mahauta suka ɗauki wani makaɗi. Kalangu kuwa na mahauta ne, in sun ƙi ka, wa za ka yi wa? Kakanmu ya rataye nasa a bango.

Bature ya yi hawaye da tafinta ya fahimtar da shi, ya koma ƙasarsu. Bayan shekara sai ga faifan garmaho ya aiko, da taken nan a ciki an ɗora masa bushe-bushe.

"Turawa na rawa da mamacinmu," in ji Iya. Da faifan take rufe tulun ruwa.

Sai da na girma na lura da abin da ba ta faɗa mana. Da kalangu ya mutu a gidan, babu sana'ar da babanmu zai gada, sai aka kai shi gaban wani malami a Limancin Kona. A can ya yi karatu, shi ya koya mini ajamin da nake rubutu da shi. Wata rana, ina ji da ɗan ilimina, na ce mata, "Iya, ashe alheri Baturen nan ya yi mana."

Ta ce, "Allah ne Ya yi muku alheri. Shi ɓarna ya yi. Kakanka har ya mutu yatsunsa na motsi a kan gwiwarsa, ko a zaune yake bayan salla. Da yana nan sai ka je ka gaya masa alheri ne."

A lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce. Yanzu na kai shekarunta, na gane ni ne na ci riba, shi ya sa yafewa ta zo mini da sauƙi, a kan abin da ba ni aka yi wa ba. Allah Ya jiƙan Iya, Ya jiƙan mijinta. Shi kuwa Mai Sanduna ban san inda ya ƙare ba. Na so in ce ba na jin haushinsa, amma jiya ina ba jikokina labarin, sai na ji ƙaramarsu ta ce, "Kaka, to me ya sa kake mana faɗa?"