Magani a Cikin Auduga

Duk wanda ya taɓa bi ta layin masu katifa a kasuwa ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Mai Filo ake ce mata. Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, wadda auduga ta riga furfura sauka a kanta. Takan zauna a bakin shago da buhu tsakanin ƙafafu tana tsefe auduga da yatsu, siraran zarurruka na tashi cikin hasken rana suna sauka a girarta, har ta yi kama da wadda ta ratso ta cikin gajimare. Allurarta doguwa ce mai lanƙwasasshen baki. Idan ta ɗinke bakin filo, sai ka yi ta juya shi ba ka gane inda ta fara ba.

Mijinta ne ya koya mata sana'ar, shi ya bar mata shagon. Ya kuma bar mata cutar da ke karya garkuwar jiki. Shi ya tafi a zamanin da magani bai wadata ba, ya rame har zobe ya daina zama a yatsansa. Ita ta riski maganin. Ta sha, ta miƙe, ta raini 'ya'yanta har ta ɗauki jikoki. Da ta gama kukanta sai ta yanke wa kanta ƙa'ida guda, wadda ba ta taɓa karyawa ba: nata ba ta ɓoyewa, na wani ba ta faɗa.

Ranar karɓar magani takan rufe shago ta tafi asibiti, ta zauna a kan dogon benci kusa da waɗanda aka faɗa wa sakamakon gwajin jininsu a ranar. Ba ta cika yin wa'azi ba. Takan karɓi robar maganin daga hannun mutum ta girgiza, ƙwayoyin su yi kacau-kacau.

"Ka ji ta? Magulmaciya ce wannan. Kana shiga gida za ta sanar da kowa."

Sai ta ciro auduga daga jakarta ta cusa a ciki, ta rufe, ta sake girgizawa. Tsit.

"To, ta yi shiru. Saura kai ka sha."

A kan wannan bencin ta haɗu da Mai Agogo. Ɗan siririn mutum ne mai sanyin murya, wanda ke da rumfar gilashi a cikin kasuwa, kullum da ƙaramin madubi maƙale a ido ɗaya yana leƙen cikin agogunan mutane. Matarsa ta rasu, aka ce doguwar jinya ce, aka bar maganar a nan. Yana zaune da mahaifiyarsa a ɗakuna biyu na gidan haya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kai maganinsa gida ba. A aljihun teburin rumfarsa yake ajiye shi, a tsakiyar matattun agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Da hantsi agogon hannunsa zai yi ɗan kuka, ya jawo aljihun, ya haɗiye ƙwaya ɗaya da ragowar shayi, ya koma aikinsa. Shekaru suka yi ta wucewa a haka, yana cikin ƙoshin lafiya.

Sai annoba ta zo. Ta shigo ta numfashi, ta raba hannu da hannu, ta sa mutane suna tsallake titi don gudun juna. Aka sa dokar zaman gida. Aka ja ƙofar kasuwa aka ɗaure ta da sarƙa, maganin Mai Agogo na ciki tare da matattun agoguna. Sashen da ake karɓar magani a asibiti aka mayar da shi wurin kwantar da masu tari. Nas ɗin da ke kula da su, wadda igiyar takunkumin fuska ta yi wa shaida a bayan kunne, ta kira Mai Filo.

"Yaya, mutanenmu ba za su iya zuwa ba. Za mu ba kowa na wata da watanni, amma wa zai kai? Kuma kin san halinsu. In aka ga motar asibiti a ƙofar gida, wasu gara su mutu."

"Ba ni," in ji Mai Filo. "Ba wanda ke tambayar filo daga ina yake."

Ta kwashe buhunan auduga da ta ajiye a gida, ta baje su a tsakar ɗaki. Kowace roba sai ta toshe bakinta da auduga, ta naɗe ta, ta binne ta a tsakiyar filo, ta ɗinke. Ta rataya katin asibiti a wuya, ta ɗora ɗaurin a kai, ta shiga titunan da suka zama kamar an share su. A shingen jami'an tsaro wani ya tare ta.

"Mama, ana fama da annoba, wa ke sayen filo?"

"Ɗana, duk gari a kwance yake. Me za a saya in ba filo ba?"

Ya yi dariya a bayan takunkuminsa, ya duba katin, ya ɗaga mata sanda.

Ranar da ta kai na Mai Agogo ba ta same shi ba. Ranar da ake bari a fita sayen abinci ce, yana can a layi. Mahaifiyarsa ce ta leƙo, tsohuwa mai dogara sanda, idanunta ƙanana masu kaifi. Mai Filo ta ce saƙon ɗanta ne, ta ajiye a bakin ƙofa, ta wuce, don akwai sauran gidaje kuma rana na yi.

Sai da aka kwana biyu ta kira shi a waya.

"Ƙanena, ka koma kan sha?"

Tana jin numfashinsa.

"Da kai nake."

"Yaya," ya ce da raɗa, "Inna ta ɗauke filon."

"Ta ɗauke ta kai ina?"

"Ɗakinta. Na dawo na same ta tana sa mini albarka, wai na tuna da ciwon wuyanta. A kansa take kwana, a kansa take wuni. Ko banɗaki za ta shiga sai ta ja ƙofa ta kulle, wai kada kyanwar maƙwabta ta hau mata shi."

Mai Filo ta so ta yi dariya, sai ta tuna tun yaushe aka rufe kasuwa. Dariyar ta koma.

"Ka ce mata naka ne mana."

"In ƙwace wa uwata filo? Da wane baki? In na farke shi kuma ta tambaye ni me nake nema?"

"Tun da aka rufe kasuwa ba ka sha ba ke nan."

"Ki samo mini wani, don Allah."

Ta gwada. Nas ta girgiza kai: jirage ba sa tashi, kayan da ke ajiye an riga an raba, na kowa da sunansa. Ta so ta gutsura masa nata, nas ta ce ko kusa, in ya so a ba shi na 'yan kwanaki, amma sai sabon kaya ya iso, kuma ba wanda ya san ranar. Mai Filo ta san abin da ke faruwa idan mutum ya daɗe bai sha ba. Ta ga zobe yana zamewa daga yatsa, ba ta da niyyar sake gani. Kuskuren ma nata ne, ita ta bar saƙo a hannun da ba na mai shi ba, don haka ita za ta je ta warware ɗinkinta.

Washegari ta zo kafin hantsi, da gangan, da allura da zare da ƙullin auduga. Ta wanke hannu a famfon tsakar gida, ta gyara takunkumi, ta yi sallama, ta zauna a baranda nesa da ƙofar tsohuwar. Mai Agogo na tsaye jikin bango. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Inna, ina kwana? Ni ce na kawo filon nan. Na zo in ƙara masa auduga, ranar na yi gaggawa."

"Lafiyarsa lau," in ji Inna daga kan gado, hannunta a kan filon kamar mai riƙe da jariri.

"A ido ne. Nan da mako zai lotse, a ce Mai Filo ta cuci tsohuwa. Ba ni shi in kai gida, gobe in dawo da shi."

"Ki kai gida? 'Yar nan, tela ya tafi da zanena tun Auta na rarrafe, har yau yana gobe. Abin da za ki yi, yi shi a nan ina gani."

Auta shi ne Mai Agogo, mai furfura a gemu. Ya dubi Mai Filo, idanunsa na roƙo. Ita kuwa ta riga ta auna: in ta tashi yau ba filon, ba ta san ranar da za a sake barin ta ta wuce shinge ba.

"To, Inna. Turo shi."

Tsohuwar ta turo filon da sandarta har bakin ƙofa, ta jawo kujera ta zauna, ta zuba ido. Mai Filo ta sa bakin allura ta fara cire ɗinkin da ba mai iya ganowa sai ita. Ta zura hannu. Ta yi niyyar dunƙule robar cikin auduga ta saka a jaka, kuma ta kusa yi.

"Fito da shi gaba ɗaya," in ji Inna. "Abin nan mai tauri. Daidai ƙashin wuyana yake zama."

Mai Filo ta fito da hannunta a buɗe. Farar roba, da auduga manne a jikinta.

"Mene ne?"

"Magani ne, Inna. Na cutar da ke karya garkuwar jiki, wadda ake ce wa ƙanjamau. Irinsa nake sha kullum."

Tsohuwar ta dube ta daga ɗankwali har tafin ƙafa.

"Ke? Da wannan kafaɗar?"

"Da ita."

"Tun yaushe?"

"Tun 'yata ta ƙarshe na goye. Yanzu ita ke goyo."

"Mu da aka ce mana mai ita ba ya ganin damina biyu."

"A da ke nan. Yanzu wanda ya riƙe magani sai dai tsufa ya kashe shi."

"Na ji naki," in ji Inna. "Me yake yi a filon gidana?"

Mai Filo ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsefe auduga. Nata ta faɗa, iyakarta ke nan. Rediyon wani ɗaki yana ta gargaɗi a wanke hannu.

Sai agogon hannun Mai Agogo ya yi kuka.

Ya kai hannu da sauri zai kashe, Inna ta ɗaga sanda.

"Bar shi. Tun da aka kulle mu nake jin sa. Kullum war haka ya yi kuka, ka miƙe zumbur, ka shafa aljihu, ka dubi bango, ka koma ka zauna kamar wanda aka kira sunansa a gidan da ba kowa. Na ce ko aljanu ne. Ashe yunwarsa yake yi." Ta nuna robar da haɓa.

"Inna..." Ya durƙusa a inda yake. "Nawa ne."

"Da na wa zai zama, na kyanwa?" Ta sauke sandar. "Ita ma marigayiya shi ne?"

Ya gyaɗa kai.

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Hawaye ya biyo tsagar tsufa a kumatunta, ta share da bakin mayafi kamar mai korar ƙuda.

"Na yi jinyar yarinyar nan da hannuna ban san da me muke faɗa ba. Kai kuma ka bar ni ina kwana a kan ranka ina minshari. Auta, ba ka da kirki." Ta dafa sanda ta miƙe. Ya yunƙura zai taimaka mata, ta harare shi. Da kanta ta je ta ɗebo ruwa a kofi, rabinsa na zuba a hanya, ta miƙa masa. "'Yar nan, ba shi. Guda nawa ake sha?"

"Ɗaya, Inna. Kullum, war haka."

Ya buɗe robar, ya zare audugar da ke bakinta. Ya zazzago ƙwaya ɗaya a tafin hannunsa. Ya haɗiye. Inna ta bi maƙogwaronsa da ido har ƙwayar ta wuce.

Ya ɗauki audugar zai mayar, tsohuwar ta miƙa hannu.

"Wannan ta mece ce?"

"Don kada ya yi ƙara," in ji Mai Filo.

Inna ta karɓi robar ta girgiza kusa da kunnenta. Kacau-kacau.

"Bar shi ya yi. Kunnena ya yi nauyi, ina so in riƙa jin an buɗe." Ta ɗora ta a kan tagar ɗakinta, kusa da man zafinta.

Mai Filo ta cika filon da sabuwar auduga, ta ɗinke bakinsa, ta ciza zaren. Ta gaya wa Mai Agogo cewa za ta sanar da nas ya yi fashi, kuma da an buɗe hanya sai ya je an duba jininsa, ba wani gobe. Ya ce to, Yaya. Inna ta karɓi filon ta kwanta, ta juya dama, ta juya hagu, ta tsuke baki.

"Kin ɓata shi. Da can ya fi tallafe wuya."

"Zan zo miki da robar da ba komai in saka."

"Ki zo da ita. Kuma ki ci abinci kafin ki tafi."

"Wata rana, Inna. Akwai masu jira."

Ta wanke hannu a famfo, ta naɗa gammo, ta ɗora ɗaurinta a kai. Daga yau sai hannu da hannu, ko da za ta wuni a ƙofar gida tana jiran mai saƙo. Ta fita titi, rana ta riga ta yi sama, zaren auduga ɗaya ya tashi daga kafaɗarta ya bi iska. Gida na gaba yana bayan shinge, ta nufi can.