Ranar da Firinta Ta Ƙi Tawadarmu

Ko da zan manta komai a shekarun da na yi ina aikin sakatariya a Sharaɗa, wata safiyar Talata ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau in na ji firinta tana jan takarda sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru. 'Ya'yana kan yi mini dariya in na ce na tsani na'urar nan. To bari in ba ku labarin, in ya so ku yanke hukunci da kanku.

Kamfanin da nake aiki na robobi ne, bokitai da butoci da kujeru. Ofishina ɗan ƙaramin ɗaki ne a jikin na manaja, wanda kowa ke ce wa Oga. Ranar da aka sayo firintar, Oga har kirari yake yi wa kansa, wai ya same ta da arha. Ashe tarko aka ɗana mana. Wata biyu ba su cika ba tawadar da ta zo da ita ta ƙare, aka aike ni sayo wata. 'Yan akwatunan tawadar nan da ake kira katirij, huɗu take ci: baƙi, shuɗi, ja da rawaya. Da mai shago ya faɗi kuɗinsu sai da na ce ya maimaita. Kaɗan ya rage su kamo kuɗin firintar kanta! Abu ɗan mitsitsi, tawadar cikinsa ko cokali biyu ba za ta cika ba. Na ce, "Malam, zinare suke narkawa a ciki?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai na'urar kusan kyauta suke ba ku. Tawadar suke sayarwa."

Sau biyu Oga ya daure aka sayi orijinal, a na uku ya ce a kai kasuwa. Haka muka koma wajen wani mutumin Jos mai ɗan shago a Bompai, wanda ake kira Injiniya. Shi yake kawo mana katirij na wani kamfani daban, kuɗinsu bai kai kwatan na orijinal ba. Kuma wallahi aiki suke yi. Fiye da shekara muna bugawa da su, ba wanda ya taɓa duban takardarmu ya ga bambanci. Tsofaffin orijinal ɗin da suka ƙare kuwa na kasa jefar da su. Abin da aka saya da tsada haka? Na zuba su a leda na cusa can ƙasan durowa.

Akwai wani tsari da ya kamata ku sani. Kamfanin yana da asibitin kuɗi da yake kai ma'aikata in sun ji ciwo. Ƙa'idar asibitin ita ce, in ban da ɗaure rauni da allurar rage raɗaɗi, ba sa yi wa ma'aikaci komai sai an kawo wasiƙar kamfani, da tambarinmu shuɗi a samanta, da hatimi da sa hannun Oga. An taɓa cutarsu da fotokwafi, wani ya kai ƙaninsa da sunan ma'aikaci, tun daga nan suka ce ba sa karɓar baƙi da fari, ba sa karɓar hoto ta waya. A da muna da takardu masu tambari da ake bugo mana a maɗaba'a, amma Oga ya soke, wai almubazzaranci ne tunda firinta tana iya buga tambarin tare da wasiƙar.

Ranar Litinin da yamma ina haramar tashi, ina sauri in sami adaidaita sahu zuwa Ɗorayi kafin titi ya cushe, sai wani saƙo ya fito a fuskar kwamfuta da Turanci. Wai firinta tana so ta sabunta kanta don aikinta ya ƙara kyau. Akwai wasu ƙananan rubuce-rubuce a ƙasa, ban karanta ba. Wa yake karantawa? Na danna wajen amincewa, na ɗauki jakata na tafi.

Washegari wajen ƙarfe goma na ji ihu daga cikin masana'anta. Akwai wani dattijo mutumin Jigawa da duk muke kira Baba, ya fi shekara ashirin a kan injin da ke fitar da bokiti. Shi ke jan ma'aikata sallar azahar a ɗan masallacin da ke daidai tagar ofishina, kuma bai taɓa wucewa ta ƙofata bai ce "'Yata, an tashi lafiya?" ba. Bokiti ne ya maƙale a inji. Maimakon ya kashe injin, sai ya zura hannu ya ciro, yadda kowa yake yi, don in ka tsayar da inji faɗa za a yi maka. Injin ya rufe da hannunsa na dama.

Na gan shi lokacin da sufabaiza, mai kula da ma'aikata, ya fito da shi, hannun naɗe da riga, rigar ta jiƙe jagab. Ba ya ihu, salati kawai yake yi. Aka sa shi a mota, sufabaiza ya shiga suka tafi. Oga ya leƙo ya ce, "Buga wasiƙar asibiti, maza, a bi su da ita!"

Minti biyu ban yi ba na gama rubutawa. Na tura wa firinta. Shiru. Sai wata jar fitila da ta kama ƙyaftawa, da saƙo a kwamfuta: wai ba ta gane waɗannan katirij ɗin ba, a sa mata na kamfaninta. Katirij ɗin da ta sha jiya-jiya! Cike suke, makon da ya wuce Injiniya ya kawo su. Na ciro su na goge na mayar. Na kashe na kunna. Na ce to ko baƙi kaɗai ta buga in gani, ta ƙi. Jama'a, tawada tana cikinta, takarda tana cikinta, wuta akwai, amma ta kafe kamar jakin da ya ga ruwa.

Na kwafi wasiƙar a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na fita da gudu zuwa shagon buga takardu na bakin titi. Mai shagon ya girgiza kai ya ce, "Baƙi kawai nake bugawa, Hajiya. Wa yake iya sayen tawadar kala yanzu?" Kamfanin da ke maƙwabtaka da mu kuwa ko ƙofa maigadinsu bai buɗe mini ba, wai sai manajansu ya dawo. Ina dawowa sufabaiza ya kira ni daga asibiti. Ya ce, "Sun ɗaure hannun, sun yi masa allura. Amma sun ce ba za su kira likitan tiyata ba sai sun ga wasiƙa. Hajiya, yatsun fa sun fara canza kala."

Na shiga wajen Oga na ce, "Ranka ya daɗe, a aika cikin gari a sayo orijinal yanzu."

Ya ce, "Kuɗi irin wannan sai Alhaji ya sa hannu, kuma yana cikin jirgi." Alhaji shi ne mai kamfanin.

"To ku je asibitin da kanku mana, ai sun san fuskarku."

"Na kira su, sun ce ƙa'ida ce. Ke za ki koya mini aikina? Tukuna ma, me kika yi wa na'urar?"

A lokacin ne saƙon jiya ya faɗo mini a rai. Amma har yau ina jin haushin mutumin nan. Motarsa tana ajiye a inuwa, asibitin bai fi tafiyar minti ashirin ba, ya zauna yana juyi a kujera yana neman wanda zai ɗora wa laifi.

Na kira Injiniya. Ban gama bayani ba ya ce, "Wayyo, Hajiya, kin danna abin nan ko? Tun jiya ake ta kirana a kansa. Da gangan suka yi. Sun koya wa na'urar ta ƙi duk katirij ɗin da ba nasu ba." Ya ce ko ya taso daga Bompai a lokacin, manyan motoci sun tare hanya, zai yi awa guda. Sai ya ce, "Tsaya. Tsofaffin orijinal ɗin, kin zubar?"

Na ce suna nan.

"Allah ya taimake ki. Nemo sirinji."

A akwatin taimakon gaggawa na sami sirinji. Na sa waya a kafaɗa, yana faɗa ina yi. In zuƙo tawada daga sabon katirij, in ɓare takardar da ke saman tsohon, in nemi ɗan rami, in ɗura a hankali. A hankali, alhali mutum yana can jininsa na zuba! Da na zo kan shuɗin na matsa da ƙarfi, tawadar ta fantsamo mini a hannu da hijabi da tebur. Haka na bi su huɗun ɗaya bayan ɗaya. Na mayar, firinta ta karɓa, amma ta ce wai sun ƙare. Injiniya ya ce in danna wani maɓalli in riƙe. Na riƙe. Sai kuma ta ce za ta wanke kanta tukuna. Ta yi ta gurnani tana kai da kawo tana zuƙe tawadar da na sha wahalar ɗurawa, ni kuma ina tsaye ina kallon agogo ina kuka. Wallahi da akwai guduma kusa da ni, da ban san abin da zan yi ba.

Takardar farko ta fito da zane-zane, ta biyu tambarin ya fito rabi. A ta uku ya fito sosai. Oga ya sa hannu ya buga hatimi, ban jira direba ba na tari adaidaita sahu da kaina. Lokacin da na isa asibitin sha biyu ta wuce da rabi.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Matar da ke kan teburin karɓar baƙi ko karanta wasiƙar ba ta yi ba. Ta dai ga shuɗi a sama, ta jefa ta cikin fayil, ta ɗauki waya ta kira likita. A kan wannan kallon na ƙiftawar ido aka bar dattijo awa biyu da rabi.

Kafin a shiga da shi na leƙa ɗakin da yake kwance. Fuskarsa ta yi fari, leɓensa ya bushe. Ya dube ni, ya dubi hannuwana da suka rine, ya ce, "'Yata, me ya sami hannunki?"

Fita na yi.

An yi aikin, an ceto hannun, amma sun cire manuniya daga gaɓar farko, ɗan guntu kawai ya rage. Na tare likitan a baranda na ce da an yi masa aikin tun ƙarfe goma fa? Ya ce, "Wataƙila. Ba zan ce miki tabbas ba." Wannan wataƙilar ita ce ta hana ni sukuni har yau.

Bayan kwana biyu Alhaji ya dawo. Aka zauna aka duba, aka ga sayen sabuwar firinta ya fi sauƙi a kan sayen katirij huɗu na orijinal. Aka sayo wata, aka ɗora waccan a saman kabad, lafiyarta ƙalau. Ni kuma Oga ya ce in nemi abin da zan goge teburin da na ɓata. Iyakar abin da ya ce mini ke nan a kan maganar.

Da Baba ya warke aka mayar da shi sito, tunda ba zai iya aikin inji ba. Na same shi na gaya masa komai, har dannawar da na yi ranar Litinin. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Haba 'yata, ke kika sa hannuna a inji? Allah ya riga ya rubuta, ki daina sa abin a ranki." Na yarda da ƙaddara, ban taɓa musunta ba. Amma ƙaddarar nan ta biyo ta hannun mutane. Wani ya zauna a ofis mai sanyi a wata ƙasa ya yanke shawarar cewa na'urar da muka saya da kuɗinmu ba za ta yi aiki ba sai da tawadarsa. Wani ya soke takardun maɗaba'a don ya nuna wa Alhaji ya iya tattali. Wata ta danna abin da ba ta karanta ba don tana saurin zuwa gida.

A ranar da azahar ina zaune sai na ji muryarsa yana jan salla. Na leƙa ta taga, suna zaman tahiya. Na ga ya ɗora hannun a cinyarsa, ya ɗaga ɗan guntun nan yana nuni da shi. Sai da na rufe ƙofar ofis kafin in bar hawayen su zubo.

Tun daga wannan mako na buga wasiƙun asibiti guda goma, na bar wajen suna da kwanan wata, na tsaya a kan Oga sai da ya sa musu hannu, na kulle su a durowata. Har na bar kamfanin ba su taɓa yin ƙasa da goma ba. Kuma ban sake danna komai a kwamfuta ban karanta shi har ƙasa ba, ko da motar ƙarshe za ta tafi ta bar ni.

Abin da na koya shi ne, duk wani ɗan ƙwange da aka yi a ofis, na haɗama ne ko na tsumulmula ko na gaggawa, a jikin wani yake sauka, kuma yawanci ba a jikin wanda ya yi shi ba. Mu duka da muke da hannu a abin, yatsunmu goma suna nan cif. Baba kuwa bai iya boko ba, bai taɓa buga takarda ko ɗaya ba a rayuwarsa, bai ma san mene ne katirij ba, amma shi ya biya kuɗin tawadar.