A Gida Ka Faɗi, Ko?

Ƙanena Tsuneo bai taɓa mayar da kwanon taliya don an cika gishiri ba. Zai shanye romon tas, ya yi godiya, ya koma gida ya yi ta ɗirkar ruwa. Tun yana yaro haka yake, kuma tun a lokacin halin nan nasa yake ƙona min rai. Ni Fumie bakina ba ya shiru, kowa a layinmu ya sani. Shi kuwa ko ƙafa ka taka masa, shi zai riga ka ba da haƙuri.

Yana gama sakandare ya shiga kamfanin sarrafa kifi a bakin tashar ruwa ta nan Hachinohe, ya yi ta feɗe kifi har gashin kansa ya zube. Bai yi aure ba. Shi ya yi jinyar mahaifiyarmu har ta rasu, ni ina fama da shagon taliyata da miji mai ciwo. Da kifi ya ja baya a teku, kamfanin ya rufe. Tsuneo ya haura hamsin, hannu duk kanta, ba abin da ya iya sai riƙe wuƙa.

A ofishin neman aiki aka nuna masa wata hanya. Gidajen tsofaffi na neman ma'aikata ido rufe, don haka akwai rancen karatu: a biya maka makaranta shekara biyu, ka samu takardar shaidar kula da tsofaffi. In ka yi aikin shekara biyar a cikin jihar, an yafe maka bashin duka. In ka bari kafin nan, biya ya hau kanka. Kuma ba a bayarwa sai da wanda zai tsaya maka.

Ya zo shago da rana, ya zauna a kujerar ƙarshe yana ta juya hula a hannu.

"In magana ce ka faɗa, in taliya ce ka ci," na ce masa. "Kujerar nan ba ta 'yan hutu ba ce."

"Yaya, hatiminki nake so."

"Aure za ka yi, kake neman shaida? To, wace makauniya ce?"

"Makaranta zan koma."

"Da wannan sanƙon?"

Na yi dariya har da riƙe ciki, sannan na ɗauko hatimin da nake sa hannu da shi, na danna masa a takardar rancen, na tsaya masa. Ban yi wani dogon tunani ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai taɓa makara a wurin aiki ba, shekara biyar ce za ta gagare shi?

Karatun ya ba shi wuya, amma ya ci jarrabawar. Ya samu aiki a wani gidan tsofaffi da ke kan tudu, bayan gari. Kuma ya iya aikin, ba don ƙanena ba ne nake faɗa. Tsofaffin masunta da ke zagin 'yan mata in sun zo yi musu wanka, shi sai su miƙa masa hannu, saboda yana magana irin tasu, ya san sunayen jiragen da suka yi aiki a ciki. Karo na farko a rayuwarsa na ji yana ba da labarin wurin aiki ba a tambaye shi ba. Matsalar ɗaya ce, shi kaɗai ne namiji cikin ma'aikatan sashensu, duk wani mai nauyi nasa ne.

A hunturun shekararsa ta biyar ya shigo shago yana dafa bango. Ya ce santsin ƙanƙara ne ya kwashe shi a matakalar gidansa. Na yi masa faɗa son raina, na ce babba da shi bai iya kallon gabansa ba. Har buhun yashi na saya na je na watsa masa a matakalar da hannuna don maganin santsi. Yana tsaye yana kallona yana cewa an gode.

Ya ɗaure ƙugu da bel ya ci gaba da zuwa aiki. Kafin bazara ya fara jan ƙafar hagu. Aka yi masa aiki a baya, likita ya ce ɗaga mutum kam har abada, ko buhun shinkafa kada ya taɓa. Ya ajiye aiki saura 'yan watanni ya cika wa'adin. Takardar neman biya ta zo masa, ta zo min.

Shi ba albashi, fanshonsa kuma da saura. Ni gwiwoyina sun gama aiki, na riga na yanke shawarar rufe shagon a ƙarshen shekara in huta da ɗan abin da na tara. Bashin nan in ya faɗo kaina, hutun ya tafi ke nan.

Na sa takalmi na tafi ofishin masu rancen. Ma'aikaciyar da na samu mai kirki ce, ta saurare ni har na gama zuba. Ta ce za a iya rage wani abu saboda shekarun da ya yi, a kuma tsinka sauran wata-wata.

"Da a bakin aiki ya ji ciwon, da an yafe masa gaba ɗaya," in ji ta. "To amma shi a gida ya faɗi."

Na dawo na maimaita wa Tsuneo maganar, ina tsaki. Sai kunnuwansa suka yi ja. Ni na yi masa wanka yana jariri, na san in kunnen nan ya yi ja, akwai abin da yake ɓoyewa.

"Tsuneo, ɗago ka kalle ni."

Sai da na tsare shi kamar ɓarawo kafin ya faɗa. Ba wata matakala. Akwai wani tsoho Ogasawara, tsohon direban jirgin kamun kifi, ƙato ne na gaske. Ƙa'idar gidan mutum biyu ke shigar da shi wanka, amma ranar abokiyar aikin Tsuneo ba ta zo ba, kuma ba wadda za ta maye gurbinta. Tsohon ya zame a bakin baho, Tsuneo ya tare shi da jikinsa, ya ji wani abu ya ce ƙas a bayansa. Duk da haka sai da ya ɗauraye tsohon, ya sa masa kaya, sannan ya zube.

Manajar gidan, wata mata mai suna Tsushima, ta kira shi ofis ta zuba masa shayi da kanta. Ta ja iska ta haƙora, ta ce ya san halin da suke ciki, ba ma'aikata, in masu bincike suka zo za su tambayi dalilin da ya sa yake shi kaɗai. Sannan ta kalli taga.

"Ƙanƙara ta yi santsi bana. A gida ka faɗi, ko?"

Shi kuma ya ce e. Haka ya faɗa wa likita, haka likita ya rubuta.

Ranar da ya faɗa min, na fasa kwano biyu. Na ce gobe za mu je wurin Tsushima ta faɗi gaskiya, ko ni ko ita.

"Yaya, in na canza magana na mai da ita maƙaryaciya. Ta ɗauke ni aiki ina tsoho, lokacin da ba wanda ya kalle ni."

"Ni fa? Ni da na danna hatimi, na watsa yashi kamar sakara, ni ba mutum ba ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Ke ai 'yar gida ce."

Ban taɓa jin maganar da ta yi min ciwo kamar wannan ba, kuma shi bai ma san ya faɗi wani abu ba.

Washegari na tuƙa mu zuwa tudun. Ya ce in tsaya a hanya, na ɗauka magani zai saya, sai ga shi da kwalin biskit mai tsada an naɗe shi da takarda mai kyau. Na haɗiye abin da ke bakina, na ce a can zan amayar.

Tsushima ta tarye mu a bakin ƙofa, fuska duk murmushi, tana tambayar jiki. Na buɗe baki ke nan Tsuneo ya riga ni. Ya miƙa mata kwalin da hannu biyu, ya jingine sandarsa, ya fara rusunawa. Mutumin da ba ya iya ɗaure igiyar takalminsa. Ya yi ta sauka a hankali, gumi na tsattsafo masa a ƙeya, yana ba ta haƙuri da ya tafi ya bar su da ƙarancin ma'aikata, ya ja musu wahala. Ta karɓi kwalin, ita ma ta rusuna, ta ce ba komai, ya dai kula da lafiyarsa.

Yaya zan yi? In na yi magana a lokacin, ba ita zan tozarta ba, shi zan tozarta, a gaban tsofaffin da ke leƙowa daga zaure suna kiran sunansa. Ni da bakin nan nawa na tsaya kamar gunki.

Ya kasa miƙewa. Sai da na sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarsa na ja shi zuwa mota a duƙe. Ina tuƙi ina lissafin cewa shagon ba zai rufu ba, bana ko baɗi, haka zan ci gaba da tsayuwa gaban tukunya a kan gwiwoyin nan. Mun kusa gangarowa gari ya samu numfashinsa ya dawo, ya juyo da fuskarsa duk annuri.

"Kin gani ko, Yaya? Ba su ji haushina ba."