Tsakuwar da Inna ta wanke

Shekarun baya, da kifin yayana suka fara mutuwa, kaf gidanmu a Bungudu an rantse guba aka zuba musu. Har da ni, mai cika bakin ba na bin jita-jita. Babu wanda ya canka daidai.

Yaya yana kiwon tarwaɗa a tankin siminti a bayan gida. Gefensa akwai duro cike da tsakuwa, inji na jan ruwan kifin ya ratsa ta cikinta ya koma tanki. Tsakuwar ta yi baƙi, ga santsi, ga ƙarni. Ana shirin Sallah, Yaya ya tafi Tsafe kai raguna, Inna kuwa ta tashi sharar Sallah, wadda ko ƙarƙashin randa ba ta bari. Ta juye duron, ta wanke tsakuwar da omo, ta shanya a rana, ta mayar tas. Ni har godiya na yi, don warin ya ishe ni.

Bayan Sallah kifi suka daina cin abinci. Suka taso sama suna haki, ruwan na warin fitsari. Kowace safiya da kwando muke kwashe matattu. Wata safiya sai aka ɗora wa maƙwabcinmu laifin, wani dattijo da ya sha ƙorafin ruwan tankin yana cin gindin katangarsa. Kafin azahar magana ta zaga unguwa. Yaya ya ɗauko gora, Inna ta riƙe masa riga tana roƙonsa da girman Allah.

Ni ba ni da haƙurin roƙo. Na buga waya ga mutumin Gusau da ke sayar wa Yaya da 'ya'yan kifi, ko gaisuwa ban ƙarasa ba na ce ya faɗa mini maganin guba. Sai ya tambaye ni ko an taɓa tsakuwar duro. Na ce Inna ta wanke ta da omo. Ya ce santsin nan gida ne na wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dattin da kifi ke fitarwa kafin ya zama dafi. Sabulu na kashe su, bushewa na kashe su, ko inji ya daɗe a tsaye iska ta ƙare musu, mutuwa suke. Dawowarsu kuma sai an yi makonni.

Na tarar da Yaya ya ƙwace daga riƙon Inna, har ya kai zaure.

"Aje gorar nan," na ce. "Mai gubar tana cikin gida, kuma ita ta haife ka."

Da na gama bayani, Inna ta zauna a dakali. A hankali ta ce, "To yanzu tsafta ce laifin?"

Yaya ya jingine gorar, ya koma ya fara sauya ruwa. Muka dakatar da abinci kamar yadda mutumin ya ce, wasu kifin suka tsira.

Har yau in na tuna, ba kifin ke tsaya mini a rai ba. Taku kaɗan ya rage a fasa wa dattijo kai a kan omo. Kuma a ranar sunansa ya riga ya ɓaci, Yaya na cewa a bari maganar ta mutu da kanta. Ni na san ba ta mutuwa. Na yafa mayafi, na ce Inna ta taso, gidan dattijon za mu shiga ta babbar ƙofa mu ba shi haƙuri, yanzu da mutane ke dawowa daga masallaci, kowa ya gan mu.