Iyakar da Na Ja a Laftof ɗin Yaya

Har yau idan aka kira ni injiniya a Tudun Wada sai in sunkuyar da kai. Ni malamin firamare ne, karambani ya jawo mini sunan.

Yayata ce ta kawo mini laftof ɗinta daga Tiga, wai ya cika. Na sa mata sabon had-dis mai faɗi, wato rumbun da kwamfuta ke ajiya a ciki, na kwashe kayanta na zuba. Da na tsaya nan da lafiya lau. Ina! Sai na ga fili ya yi yawa, na ce bari in raba shi biyu, Windos ɗinta a gefe, Linuks, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windos, a gefe, ana kunnawa mutum ya zaɓi wanda zai shiga. Ba ta nema ba. Ni ne nake son in burge.

A cikin laftof ɗin akwai muryar Baba. Kafin ya rasu Yaya ta yi ta naɗar hirarsa a kan garinmu na asali, wanda ruwan dam ya shanye: gidan wa ke bin na wa, ina rijiya take, ina makabarta. Duk Juma'a bayan la'asar Yaya kan kunna wa Inna, mahaifiyarmu.

A ranar, Yaya za ta fita kasuwa ta juyo ta ce, "Ƙanena, ka dai ajiye hirar Baba a wani wuri ko?"

"Haba Yaya, ni za ki koya wa aiki?"

Wallahi ƙarya nake. Tsohon had-dis ɗin tun safe na goge shi, na zuba finafinaina.

Na buɗe manhajar rabon, ta nuna mini ajiyar a shimfiɗe kamar gona. Na kama iyakar ɓangaren Yaya na ja ta baya. Gargaɗi ya fito, ban ko karanta ba na danna. Aiki ya kai rabi wuta ta ɗauke, batirin kuwa na san ya daɗe da mutuwa. Allon ya yi baƙi.

Da wuta ta dawo, ɓangaren Yaya ya ƙi buɗewa. Kwana uku ina fama. Na kai shi Kano wurin masu gyara, aka ceto hotuna kaɗan da takardun aikinta. Muryar Baba ko daƙiƙa ɗaya ba ta dawo ba.

Da na faɗa wa Yaya, na so ta zage ni, ko ta mare ni in huta. Ita kuwa sai ta naɗe cajarta kawai.

Ranar Juma'a na bi Yaya zuwa Tiga. Inna ta idar da sallah, ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "To, kunna mana Malam." Haka take kiran Baba.

Na buɗe baki, Yaya ta riga ni.

"Inna, na'urar ce ta tsufa ta lalace. Ya yi iya ƙoƙarinsa, har Kano ya kai ta."

Inna ta dube ni ta ce, "Sannu, har Kano ka je saboda ni. Allah ya yi maka albarka."

Ni kuma, don rashin kunya, na ce amin.