Aro Biyu a Tagar Bincike

Shekarar da aka buɗe gari bayan kullen korona, muka koma ofis da takunkumi a fuska, aka ba mu gyaran manhajar da ake rajistar takardu da ita a ma'aikatarmu. Mu biyu ne, ni da wata abokiyar aikina 'yar garin Kwali, wadda na riga kama aiki da shekara uku.

Manhajar ta dogara ne da wani laburare, wato tarin umarnin kwamfuta da wasu suka riga suka rubuta, mai zana tagogi da maɓallai a allon kwamfuta. Yana da ƙa'ida. In ka nemi rubutun da aka cike a wani gurbi, sai ya yanko maka wuri a memori, wato filin da kwamfuta ke aiki a cikinsa, ya kwafe maka a nan. Wurin nan aro ne. In ka gama, kai za ka mayar, kuma ta hannun laburaren. In ba ka mayar ba, ba mai ce maka uffan, filin dai yana ta raguwa.

Ni na rubuta tagar bincike. Ina tsakiyar aikin aka kira azahar, sai na jawo littafina na rubuta da ajami, kamar yadda hannuna ya saba tun ina yaro: aro biyu a tagar bincike, ba a mayar ba. Da na dawo daga masallaci na kama wani abu dabam. Duk sashenmu ba mai karanta ajami sai ni.

Da aka fara amfani da manhajar, da safe lafiya lau, amma kafin la'asar sai ta yi nauyi, ta sandare, abin da magatakarda suka shigar ya salwanta. Oga ya kira mu. Gyara na ƙarshe nata ne, tagar buga takarda.

"Madam, kafin ki sa hannu ba mu da matsala," in ji shi.

"Oga, na duba nawa sau uku fa. Ba komai a ciki."

A nan layin ajamin ya faɗo mini a rai. Littafin yana aljihuna. Na yi shiru, ni da suke kira Malam, suke turawa gaba in liman bai zo ba. Aka cire tagarta, aka mai da ita teburin karɓar ƙorafi a bakin ƙofa.

Washegari na ƙara layi biyu masu mayar da aron a ɓoye, manhaja ta warke. Kowa ya ce ai ga shi, da aka cire aikinta an huta. Wannan ya fi shirun muni.

Wata huɗu ina wucewa ta gabanta, na sha cunkoson hanyar Nyanya, ta ce, "Malam, an iso lafiya?" in amsa ina kallon takalmina. Istigfari na yi shi ba adadi, amma na san haƙƙin mutum ba a nan yake sauka ba.

Wata Litinin na roƙe ta ta raka ni wurin oga. Na buɗe littafin, na karanta layin, na faɗi sauran. Oga ya daɗe yana duban rubutun da ba ya iya karantawa, sannan ya ce ta koma kujerarta, shi zai sanar da sashe da bakinsa.

A baranda na ce, "Ki yafe mini."

"Malam, tun makon nan na ga layi biyun da ka ƙara."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa zai yarda da ni a kanka? Kuma ba ni na ara ba." Ta gyara jakarta. "Na yafe. Amma daga yau ka riƙa rubutawa a cikin manhajar, inda ni ma zan iya karantawa."

Na ce to.